Angela Davis ta ba mu labarinta ne, ko na jam'iyyarta?

Maman Iman: Assalamu alaikum jama'ar gida. Wata ya cika. Wanda ya gama karanta tarihin rayuwar Angela Davis, 'yar gwagwarmayar baƙaƙen fatar Amurka kuma 'yar jam'iyyar gurguzu a lokacin, ya fito, wanda bai gama ba ma ya fito, ba bulala za mu raba ba. Bari in fara da abin da ya tsaya min a wuya. Na ɗauki littafin nan ina zaton zan shiga zuciyar matar, in ji abin da take saƙawa idan ganduroba ya ja ƙofa ya tafi. Amma duk inda na sa rai za ta ce "ni", sai ta ce "mu". Littafin ya fito a 1974, tana da shekara 30, shekara 2 bayan kotu ta wanke ta daga tuhumar kisa. Ita da bakinta ta ce da farko ba ta so rubutawa ba, sai da Toni Morrison, wadda a lokacin edita ce a kamfanin Random House, ta shawo kanta, ta kuma yarda ne bisa cewa tarihin siyasa zai zama. To ku gaya min, wannan tawali'u ne ko ɓoye-ɓoye?

Ɗan Birni: Wa alaikumus salam Mama. Ɓoye-ɓoye ne, a rubuta a ajiye. Daga tsakiya zuwa ƙarshe kamar ina karanta rahoton sakataren jam'iyya. An yi taro, an kafa kwamiti, an raba takardu, an sake taro. Sau biyu barci yana kwashe ni.

Ƙanwar Kowa: Kai Yaya Ɗan Birni, ka ji tsoron Allah! Farkon littafin fa? Mace tana tsaye gaban madubi tana gyara hular gashi don ta rufe tulin gashin nan da duk Amurka ta san ta da shi, hannu na rawa, 'yan sanda na nemanta. Ni ban ajiye ba sai da aka kama ta a otal ɗin nan na New York. Har tuwona ya huce.

Ɗan Birni: Ai na ce daga tsakiya, ƙanwata. Farkon babu laifi.

'Yar Damagaram: Sannunku da gida. Ni fassarar Faransanci na karanta, don haka idan kalmomina sun sha bamban da naku ku yi haƙuri. Mama, ban yarda ta ɓoye kanta gaba ɗaya ba. Akwai wurin da na yi dariya har 'yata ta leƙo ɗaki. Ita da ƙanwarta Fania sun shiga shagon takalma a Birmingham, shagon da idan baƙar fata ya shigo sai a kora shi can baya. Sai suka juye harshe, Angela tana ta Faransanci, Fania tana yi mata tafinta da gurɓataccen Turanci, wai daga tsibirin Martinik suka zo. Nan take aka ba su kujera a gaba, manaja ya fito yana washe baki yana yi musu fira. Da suka gaji da wasan, sai ta buɗe baki da Turancin garin ta gaya masa cewa ashe abin da baƙar fata yake buƙata kawai ya ce shi baƙo ne daga wata ƙasa. Suka fice suna dariya. Wannan ba rahoton sakatare ba ne. Yarinya ce mai tsiwa, kuma ni da na tashi ina ganin yadda Faransanci ke buɗe ƙofar ofis alhali harshen uwarka bai buɗe ba, abin ya zauna min.

Maman Iman: Wannan gaskiya ne, na manta da shi. Da kuma inda take satar silalla daga jakar kuɗin mahaifinta, mai gidan mai, tana ba yaran ajinsu da ba su da kuɗin abincin rana. Amma ki lura, duk waɗannan na ƙuruciya ne. Da ta girma sai ta ja labule.

Abban Fatima: Barkanku. Ina Atlanta, kuma bara na tuƙa iyali muka je Birmingham, tafiyar awa 2 da ɗan wani abu. Mun tsaya a cocin nan na titi na 16 da aka sa wa bam ranar 15 ga Satumba 1963. Yara mata huɗu suka mutu: Addie Mae Collins, Cynthia Wesley, Carole Robertson da Denise McNair. Uku shekararsu 14, ɗaya 11. Babbar 'yata shekararta 11 a lokacin da muka je, tana riƙe da hannuna tana tambayata me suka yi. Ban sami abin ce mata ba. Shi ya sa da na zo inda Angela take faɗin tana Faransa tana karatu, ta sayi jarida a Biarritz ta ga sunayen, kuma wasu daga ciki 'yan unguwa ne da gidansu ya san su, sai na rufe littafin na ɗan zauna. Unguwar da ta tashi ma Tudun Nakiya ake ce mata, saboda yawan bam da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ƙin baƙar fata, ke dasa wa gidajen baƙaƙen da suka kuskura suka tare a can. Ɗan Birni, wanda ya tashi yana jin gida na girgiza da daddare, idan ya ce "mu" ba salon jam'iyya ba ne. Ai ba don sunanta ake dasa bam ɗin ba.

Ɗan Birni: Allah Ya jiƙan yaran nan da rahamarSa, babu mai musun zaluncin, Abban Fatima. Amma tunda an zo nan, bari in fito da abin da ke cina, don ba barci ne kaɗai matsalata ba. Bindigogi. Ranar 7 ga Agusta 1970 Jonathan Jackson, yaro ɗan shekara 17, ya shiga kotun gundumar Marin, ya miƙa wa fursunoni makamai, suka yi garkuwa da alƙali Harold Haley da wasu. Aka yi ta harbi a wajen kotu. Alƙalin ya mutu, Jonathan ya mutu, fursunoni biyu suka mutu, mai gabatar da ƙara ya shanye har ƙarshen rayuwarsa. Bindigogin da sunan wa aka yi rajistarsu? Angela. Ɗaya ma kwana 2 kafin abin ta saye ta. Ina jiran ta zauna ta warware min wannan zare dalla-dalla, sai na ga ta bi ta gefensa. Alƙalin nan shi ma yana da iyali, amma ban ji nauyin mutuwarsa a alƙalaminta ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Anti Lauya: Na daɗe ina karanta ku ina shiru, amma an shigo gonata. Ƙanena, tambayarka halal ce, kuma ita ce dai gwamnatin Kalifoniya ta kai gaban kotu. A dokarsu, wanda ya taimaka aka aikata laifi daidai yake da wanda ya aikata, shi ya sa aka tuhume ta da kisa, garkuwa da haɗa baki alhali ba ta wurin. Amma mallakar bindiga daban, sanin abin da za a yi da ita daban. Lauyoyinta sun ce tun da rikicin korarta daga jami'ar UCLA ya tashi a 1969, lokacin Ronald Reagan na gwamna, take samun barazanar kisa ba ƙaƙƙautawa, Jonathan kuma yana cikin masu yi mata rakiya. Kuma wanda ke shirya ta'asa ba ya zuwa shago ya sayi makami da sunansa na gaskiya ya sa hannu. Mutum 12 da suka saurari shari'ar a San Jose, babu baƙar fata ko ɗaya a cikinsu. Sun shafe awa 13 suna shawara, ranar 4 ga Yuni 1972 suka ce ba ta da laifi a duka tuhume-tuhumen.

Yanzu ga abin da nake so Maman Iman ta duba. Kun lura da hujjar mai gabatar da ƙara? Bai tsaya kan cewa 'yar gurguzu ce ba, don ya san wannan zai mayar da shari'ar ta siyasa. Cewa ya yi soyayya ce ta rufe mata ido. Wai son George Jackson, yayan Jonathan, wanda ke tsare, shi ya sa ta shirya komai don ta fito da shi. Aka ɗauko wasiƙun da ta rubuta masa, aka karanta a bainar jama'a, 'yan jarida na rubutawa. Ku ƙaddara mace ce ku, malamar falsafa, an ɗauki abin da kika rubuta wa wanda kike so, wanda kuma an riga an harbe shi a kurkukun San Quentin ranar 21 ga Agusta 1971, ana karanta wa baƙi don a nuna ke ba mai tunani ba ce, zuciya ce ke jan ki kamar raƙumi da akala. Ita da kanta ta miƙe ta yi jawabin buɗe kariya, ta ce wannan zato ne irin na masu raina mata. Bayan shekara 2 kuma mu ce ta zo ta sake baje mana zuciyar a faifai? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Maman Iman: Kai Anti. Wallahi ban haɗa waɗannan biyun ba.

Ƙanwar Kowa: Anti Lauya ta gama magana, a watse.

Ɗan Birni: Ba a watse ba tukuna. Na karɓi bayanin soyayyar, ya shige ni. Amma Anti, ke kin fi ni sani, "ba a tabbatar da laifi ba" ba ɗaya yake da "ga yadda abin ya faru" ba. Kotu ta ba da na farko. Na biyun nake nema a littafi.

Anti Lauya: Haka ne, kuma ba za ka samu ba. Ka tuna Ruchell Magee, fursunan da ya tsira daga harbin, yana tsare lokacin da take rubutun, da sauran mutanen da kalma ɗaya tata za ta iya jefa su cikin matsala. Ni da zan ba ta shawara a 1973, da abin da zan ce mata ke nan: ki taƙaita. Kai mai karatu kana da haƙƙin jin haushi, ba na hana ka.

Baba Tsohon Malami: 'Ya'yana, sannunku da ƙoƙari. Sai yanzu jikana ya buɗe min wayar. Ni ina ɗalibi a Samaru a shekarun 1970, kuma hoton yarinyar nan da tulin gashinta yana manne a bangon ɗakuna da yawa, gefen na 'yan gwagwarmayar Afirka Lumumba da Cabral. Ba mu karanta ta ba a lokacin, hoton kawai muka sani, wasunmu ma gashin ya fi burge su. Da na karanta yanzu da furfura, abin da na gani shi ne ta san haɗarin hoton nan. Hukumar binciken Amurka, FBI, ta sa ta cikin mutum 10 da aka fi nema ranar 18 ga Agusta 1970, aka kama ta 13 ga Oktoba, Shugaba Nixon ya fito yana taya su murna yana kiranta 'yar ta'adda. Su sun mayar da ita dodo, mu kuma mun mayar da ita waliyyiya. Littafin gaba ɗaya ƙoƙari ne na sauka daga bangon. Tana ta nanatawa cewa ba jarumtarta ta fitar da ita ba, taron mutane ne. Kuma duba yadda belin ya samu. Wata 16 tana tsare. Sai a Fabrairun 1972 kotun ƙolin Kalifoniya ta soke hukuncin kisa, hujjar hana ta beli ta faɗi. Wa ya tsaya mata? Wani Bature manomi mai kiwon shanun madara daga yankin Fresno, Rodger McAfee, ya jinginar da gonarsa. Idan ta ce "mu", har da shi a ciki.

Amma Ɗan Birni, zan ba ka makamin da ya fi bindigar nan kaifi, don ban zo kare ta ido rufe ba. Bayan an sake ta a 1972 ta je Tarayyar Sobiyet da Jamus ta Gabas, aka yi mata tarbar sarauta, ta gaisa da Honecker, shugaban Jamus ta Gabas ɗin. A lokacin akwai mutane a kurkukun ƙasashen nan saboda abin da suka rubuta ko suka faɗa. Marubucin Rasha Solzhenitsyn ya fito a 1975 ya zarge ta da ƙin sa baki a kan fursunonin siyasa na Chekoslobakiya. A 1979 kuma ta karɓi lambar zaman lafiya ta Lenin a Mosko. Macen da ta san ɗacin ɗakin kaɗaici, wannan shirun ya yi mata nauyi. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Mu ma 'yan zamanin mun yi irin shirun, shi ya sa na san kamanninsa.

Ɗan Birni: Allah Ya ƙara girma Baba. Wannan ne nake lalube ban sami bakin zaren ba. Yadda ta rubuta zuwanta Kyuba a 1969 ma, saran rake da waƙe-waƙe, kamar aljannar duniya.

'Yar Damagaram: Baba, da girmanka, ina da 'yar magana. Jam'iyyar nan ce ta tsaya mata lokacin da igiya ke wuyanta. Yaran makaranta a Jamus ta Gabas sun yi ta aiko mata da katuna masu zanen fure har kurkuku. Wanda ya cece ka daga rijiya, da wuya ka fito kana duba ƙazantar hannunsa. Ban ce daidai ba ne. Kuma daga baya ai ta bar jam'iyyar a 1991.

Baba Tsohon Malami: 'Yata, ta bari bayan ta tsaya musu takarar mataimakiyar shugaban ƙasa sau biyu, 1980 da 1984, kuma a shekarar da Sobiyet ɗin kanta ta watse. Na fahimci halacci. Amma fursunan Prague, babban birnin Chekoslobakiya, shi ma ɗan wani ne.

Malam Na Ƙofa: Ni tambayata ɗaya, ku yafe min in na koma baya. Gurguzun nan ba shi ne aƙidar da ba ta yarda da Allah ba? Me za mu tsinta a littafin irin wannan?

Maman Iman: Malam, ba littafin aƙida muka ɗauko ba, kuma ba ta zauna tana wa'azin rashin addini a ciki ba. Abin da ya ja ta can, yadda ta faɗa, tambaya ce: me ya sa wasu yara ke zuwa makaranta da yunwa? Kana iya ƙin amsarta ka riƙe tambayar. Ka karanta kashin kurkukun New York kawai ka gani.

Anti Lauya: Wannan kashin shi ne littafin a wurina. Da aka kai ta, sashen masu taɓin hankali aka fara jefa ta, cikin matan da aka ɗirka wa magani suna zaune kamar gumaka. Daga nan ɗakin kaɗaici, sai da ta yi yajin cin abinci lauyoyi suka je kotu kafin a haɗa ta da sauran mata. Abin da ta tarar: mata birjik da ba a yanke musu hukunci ba, suna zaune wata da watanni don ba su da ɗan kuɗin beli. Suka shirya yadda za a riƙa tara kuɗi daga waje ana fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Kuma ta ce tana 'yar sakandare a unguwar takan wuce ta gaban ginin nan, tana jin matan suna ƙwala kira ta taga, tana sauri ta wuce. Na taɓa zuwa wani gidan yari ganin wata da nake karewa, sai wata dattijuwa ta riƙe min gefen mayafi ta ce, "'Yar nan, ki tambayar min ko sun manta da fayil ɗina." Shekararta ta uku ke nan tana jiran shari'a. Mafi yawan waɗanda ke gidajen yarinmu masu jiran shari'a ne. Don haka ban karanta kashin nan a matsayin labarin Amurka kaɗai ba.

Ƙanwar Kowa: Ni kuma inda ya ƙona min rai shi ne mazan gwagwarmayar kansu. A San Diego an ce mata aikin maza take yi, ita kamata ya yi ta tsaya tana ƙarfafa wa namiji gwiwa. A Los Angeles kuma, a ofishin SNCC, ƙungiyar fafutukar 'yancin baƙaƙe, mata ne ke kwana suna aikin, amma da an zo maganar shugabanci sai a ce suna neman ƙwace ragama daga hannun maza. Na yi sakatariyar wata ƙungiyar ɗalibai shekara 2. Ni ke rubuta takarda, ni ke neman zaure, ranar taro a ce in je in duba ko ruwan roba ya iso.

Abban Fatima: Ƙanwa, a madadin maza muna ba da haƙuri, amma ruwan ya iso kuwa?

Ƙanwar Kowa: Yaya ka ga irinta ko!

Baba Tsohon Malami: Dariya kuke, amma abin da ya sa nake ganin darajar littafin duk da ƙorafina ke nan: ta rubuta. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri da duka a NEPU fiye da yadda yawancin mazan jam'iyyar suka sha, tana neman wa matan Arewa ƙuri'ar da ba su samu ba sai 1976. Ta rasu a 2001. Abin da muke da shi a kanta, wasu ne suka rubuta, da hirarrakin da aka yi da ita. Da ta bar mana shafi 400 da hannunta, ko da rabinsa rahoton taro ne, da yau muna da abin yin musu a kai kamar yadda muke yi yanzu.

Ɗan Birni: Wannan kam ba musu. Kuma don kada a ce ban yi mata adalci ba: a 2019 wata cibiyar tarihin 'yancin baƙaƙe a garinsu Birmingham ta janye lambar girmamawar da za ta ba ta saboda goyon bayanta ga Falasɗinawa, sai da mutane suka yi ca aka dawo da ita. Tana da shekara 75 ba ta lanƙwasa ba. Ina ma dai ta yi wa na Prague irin wannan tsayuwar.

Malam Na Ƙofa: To wa zai ara min? Kashin kurkukun kawai zan duba.

Maman Iman: Malam, nawa yana hannun Ƙanwa, kuma sai na sake bin kashin shari'ar tukuna, inda aka karanta wasiƙun, don da idon neman gulma na karanta shi da farko, Anti ta kunyata ni. Har yanzu ina jin akwai ɗakin da ta kulle ta tafi da makullin, sai dai yanzu na san wanda ya fara ɓalle mata ƙofar. Ƙanwa, ki kawo min gobe bayan la'asar, kuma na ga kin naɗe min kunnen shafi har wuri huɗu.

Ƙanwar Kowa: Biyar ne Mama. Ɗaya na wurin takalman.